Aikin sa-kai na lafiya a ƙasar waje zai iya kai ni ga zama nas?

'Yar Agege ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya wadda nake roƙon waɗanda suka san harkar asibiti su warware mini, domin a gidanmu kowa da abin da yake faɗa. A Agege aka haife ni, mahaifina yana fataucin shanu a mayankar Oko-Oba, kuma na gama sakandare a ɓangaren kimiyya, sai dai sakamakona bai cika ba saboda ban samu kiredit a Kemistiri ba. Tun daga lokacin nake taimakawa a ƙaramin asibitin unguwarmu a ranakun awon ciki da rigakafi, inda nake yi wa matanmu tafinta, tunda da yawa daga cikin waɗanda aka auro daga Arewa ba sa jin Yarabanci ko Turanci, su kuma ma'aikatan ba sa jin Hausa. Burina shi ne in zama cikakkiyar nas.

Kwanan nan wata ƙawata ta turo mini talla ta WhatsApp, wai wani kamfani yana kai matasa aikin sa-kai a asibitocin ƙasashen waje na wasu watanni. Za a biya kuɗin rajista da dala, a ƙarshe kuma a ba mutum takardar shaida wadda, in ji su, makarantun jinya ke karɓa a ko'ina. Mahaifina ya ce idan abin na gaskiya ne zai sayar da bijimi ya biya, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yayana kuwa cewa yake yi in bar maganar tafiya in koma wani asibitin kuɗi a Ogba in koyi aikin a hannu, kamar yadda 'yan mata da yawa ke yi a nan.

Shin gaskiya ne aikin sa-kai a waje yana buɗe wa mutum hanyar zama nas? Kuma akwai wanda ya bi ta wannan hanya a cikinku, ya gaya mini yadda abin yake?

Sista daga Yaba ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni na bi ta wannan hanya, don haka zan gaya miki abin da ta ba ni da abin da ba ta ba ni ba.

Kafin in shiga makarantar jinya na zauna a gidan kawuna a jihar Maraɗi ta Nijar, kuma a can wata ƙungiyar agaji da ke kula da yara masu tamowa ta ɗauke ni a matsayin 'yar sa-kai. Ban biya su ko sisi ba, su ne ma suke ba mu kuɗin mota da na abinci. Abin da ya sa suka ɗauke ni shi ne Hausa, da kuma iya rubutu da cika kati, ko da yake rashin Faransanci ya taƙaita ni ƙwarai, domin da shi ake rubuta komai a asibitocin can. Ki lura da wannan, domin abin da kike yi wa matan Agege kyauta shi ne ainihin abin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke nema a Nijar da arewacin Kamaru da wasu sassan Chadi.

Aikina na farko shi ne awon damtse. Akwai wata siririyar igiya ta roba mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Idan ta tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani. Idan ruwan ɗorawa ne, tsakanin 11.5 da 12.5, yaron yana bakin haɗari. Kore kuwa lafiya lau. Bayan haka sai ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki na daƙiƙa uku, idan kika ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, to kumburi ne, ko da kuwa uwar tana murna cewa ɗanta ya yi ƙiba. Yaron da yake iya cin abinci ana ba uwarsa ƙullun gyaɗa da madara na cikin leda ta tafi da shi gida, kuma nan ne aikin baki yake, domin sai kin zauna da ita kin fahimtar da ita cewa wannan magani ne, ba a dama shi da ruwa, ba a kuma raba shi da yayyen yaron, alhali kina gani da idonki cewa su ma yayyen yunwa suke ji. Babu littafin da ya koya mini irin wannan magana, kuma har yau da ita nake aiki a nan Legas.

To amma akwai iyakar da ba mu ƙetarewa. Ba mu yin allura, ba mu sa ƙarin ruwa, ba mu zura robar hanci, ba mu rubuta magani. Da farko na ɗauka rowar ilimi ce, sai da wani dare aka kawo wani yaro da gudawa ta zuƙe shi, idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yi yaushi, kakarsa tana kuka tana roƙon a sa masa ruwa, domin a wurin mutanenmu idan ba a rataya leda ba, ba a fara magani ba. Nas ɗin da ke aiki a daren ta ƙi. Ta sa aka lulluɓe shi a ƙirjin uwarsa don kada ya yi sanyi, ta ba shi ruwan sukari, ta zura masa siririyar roba ta hanci, ta riƙa ba shi wani ruwan gishiri na musamman da ake yi wa masu tamowa kaɗan-kaɗan tana ƙirga bugun zuciyarsa da numfashinsa, daga baya ta koma kan madarar da ake kira F-75. Ni ce na fassara wa kakar ƙin da aka yi mata, ba tare da ni kaina na san dalilinsa ba. Da gari ya waye na tambayi nas ɗin, sai ta bayyana mini cewa zuciyar yaro mai tamowa ta riga ta yi rauni, sinadaran jikinsa kuma sun hargitse, don haka ruwan jijiyar da zai ceci wani yaro shi zai iya cika masa huhu ya tsayar masa da zuciya, kuma ba a sa shi sai a wani yanayi na musamman da ma'auni na musamman. Ta kawo sunayen sinadaran da na taɓa ji a ajin Kemistiri ban ɗauke su da muhimmanci ba.

Wannan ne ya dawo da ni gida na nemi makaranta. Da na shiga, na tarar ina gaba da 'yan ajinmu a abubuwa da dama: warin asibiti ba ya tayar mini da zuciya, jini da amai da kashi ba sa kore ni, na iya tsayuwar dare, na kuma taɓa ganin mutuwar yaro na san yadda ake tsayawa kusa da uwa a irin wannan lokaci. Wasu da muka fara tare sun gudu tun a zagayen farko na ɗakin marasa lafiya, bayan iyayensu sun kashe kuɗi. Amma ba a rage mini ko kwana ɗaya na karatu ba saboda na yi aiki a Nijar, kuma da sakamakon sakandare aka ɗauke ni, ba da wasiƙar ƙungiyar ba. Wasiƙar ta yi mini amfani ne a wurin ganawa da malamai, lokacin da aka tambaye ni dalilin da ya sa nake son aikin, na samu abin faɗa wanda ba haddacewa na yi ba.

Malamin Jinya ya rubuta:

'Yata, Sista ta faɗa miki gaskiya, ni kuma zan ƙara miki ɓangaren ƙa'ida, tunda koyarwa nake yi a wannan fanni.

A Najeriya hukuma ɗaya ce tak take da ikon cewa wane nas ne, ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda ake kira NMCN, da aka kafa da dokar soja mai lamba 89 ta 1979. Ita ke tantance makarantu, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke ba ɗalibi lambar rajista tun yana makaranta, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita kuma ke ba da lasisi. Duk takardar da ba ta bi ta wannan ƙofa ba, ko da tambarin zinariya aka buga mata a Landan, ba za ta mayar da ke nas ba. Saboda haka maganar da kamfanin nan ya yi, cewa makarantun jinya na karɓar takardarsa, ki tambaye su sunan makaranta ɗaya, sannan ki je makarantar da ƙafarki ki tambaya.

Abin da ake nema kafin shiga shi ne kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye da haka ba. Daga nan hanya ta rabu. Akwai ta jami'a, wadda ake shiga ta JAMB a yi shekara 5 a samu digirin jinya, sannan a yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti. Akwai kuma ta kwalejojin jinya, waɗanda a da shekara 3 ake yi a fito da rajistar nas, yanzu kuma da yawansu sun koma tsarin difloma da babbar difloma na shekara 4, shi ma ta JAMB. A nan Legas akwai makarantar asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, a tsakiyar mutanenmu, da sashen jinya na Jami'ar Legas a wuri guda, da na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, da Kwalejin Jinya ta jiha da ke Igando. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuma sun yi yawa, don haka kada ki taƙaita kanki a Legas. Idan kuna da dangi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ko kuma jiharku ta asali tana da kwalejin jinya, ki nemi can ma. Lasisin da aka samu a Gusau da wanda aka samu a Idi-Araba duk ɗaya ne a wurin Majalisa.

Shawarar yayanki kuwa, da dukkan girmamawa gare shi, ita ce ta fi ba ni tsoro a cikin maganar duka. Abin da yake nufi shi ne irin waɗanda ake kira oksilari a nan Legas: yarinya ta biya kuɗi a ƙaramin asibitin kuɗi, ta yi shekara biyu ko uku tana shara da wanki da kallon yadda ake allura, a ƙarshe a yi mata bikin yaye a ba ta farar riga da takarda. Majalisa ba ta san da wannan takarda ba, asibitin gwamnati ba ya ɗaukar mai ita a matsayin nas, kuma ranar da aka samu matsala a hannunta, ita za a fara kamawa. Yarinyar da ta koyi aiki ta haka ta iya neman jijiya sarai, amma ba ta san lokacin da bai kamata a sa ruwan ba, wato daidai abin da Sista ta ba ki labari.

Wani abu kuma da ya shafe mu mazauna Legas shi ne Kwatano, tunda ta Seme kusa take. Za ki ji ana cewa a can ana samun digiri cikin sauri. A watan Janairu na 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a cikin 'yan makonni. Ko ba wannan ba, duk wanda ya yi karatun jinya a wata ƙasa, sai ya zo ya yi horon daidaitawa a nan ya kuma zauna jarrabawar Majalisa kafin a ba shi lasisi.

Ban ce aikin sa-kai banza ne ba. A aji ina gane ɗalibin da ya taɓa yin sa tun a makon farko, daga yadda yake gaida mara lafiya da yadda yake wanke hannu ba tare da an tuna masa ba. Abin da nake cewa shi ne, da kuɗin bijimin nan da Alhaji yake son sayarwa, za ki iya biyan malamin Kemistiri da kuɗin jarrabawa da wani ɓangare mai kauri na kuɗin makaranta.

Baban Agaji na Alaba Rago ya rubuta:

Ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, 'yata, tsohon ɗan agaji ne kawai, na kuma aurar da 'ya'ya mata, don haka ta ɓangaren mahaifinki zan yi magana. Rashin kwanciyar hankalinsa yana da dalili.

Sista ta je Nijar, amma ki duba yadda ta je: gidan kawunta ta sauka, mutanenta ne, harshenta ne, kuma ba ta biya kowa ba. Wannan daban yake da a ce wani da ba ku san ofishinsa ba, ba ku san ubangidansa ba, ya karɓi dala ya ɗauki 'yar mutane zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba. Mun ga yaran da aka yi wa alkawarin aikin asibiti ko na kula da tsofaffi, da suka sauka aka karɓe musu fasfo aka kai su aikatau, iyaye a nan suna ta haɗa kuɗin dawo da su. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tana da ofishi a nan Legas, kuma ba laifi ba ne Alhaji ya je ya nuna musu tallar kafin ya motsa. Idan mutum ya ce a tura kuɗi ta asusun wani mutum ba na kamfani ba, ko ya ce a yi sauri gurbi zai ƙare, ko ya ce a ba shi fasfo ya riƙe, ko ya ƙi faɗin sunan asibitin da garin da za a kai ki, to ku rufe maganar.

Na taɓa raka alhazai Saudiyya a matsayin ɗan agaji, wanda shi ma aikin sa-kai ne a ƙasar waje. Mun tura tsofaffi a keken marasa lafiya, mun riƙe musu lema, mun ba su ruwa a Mina, mun nemo waɗanda suka ɓata, mun ɗauki waɗanda rana ta kayar zuwa wurin likitocin hukumar alhazai. Aiki ne mai lada, na kuma koyi abubuwa. Amma a ƙofar asibitin muke tsayawa, masu lasisi su karɓa. Wasu matasan da muka yi aikin tare sun dawo da sha'awar karatun lafiya, kuma waɗanda suka zama wani abu a cikinsu su ne waɗanda suka koma makaranta.

Sannan ina so ki yi tunani a kan wannan: ga amaryar da aka kawo jiya daga wani ƙauyen Jigawa, Legas ita kanta ƙasar waje ce. Matar da ke naƙuda ba ta iya gaya wa ungozoma inda ke mata ciwo, ga ki nan tsakaninsu, wane aikin sa-kai ne ya wuce wannan? Idan horo kike so mai takarda, ƙungiyar Red Cross tana da reshe a jihar nan tana koyar da taimakon gaggawa, ƙungiyoyin agajinmu na masallatai ma suna da ɓangaren mata.

Nas Ɗan Obalende ya rubuta:

Baba ya yi magana ta hankali, amma ina neman izininsa in ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Kada ƙanwarmu ta tashi daga wannan zaure da tunanin cewa fita waje aikin lafiya duk yaudara ce. Akwai ta gaskiya, kuma tana canza ma'aikaci. Abin da ya kamata ta gane shi ne jerin abubuwan: ga yawancinmu 'yan Najeriya, lasisi ne ke zuwa da farko, sannan fita.

Ina aiki a Legas lokacin da wani ɗan Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli, 2014. Dakta Ameyo Adadevoh da ta hana shi fita daga asibiti ta rasa ranta, haka ma nas Justina Ejelonu. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Wani babban ɓangare na wannan nasara aikin masu bin sawu ne, waɗanda suka riƙa zagayawa gida-gida suna auna zafin jikin mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, kowannensu har kwana 21. Wannan aiki ne da mai hankali da iya magana zai iya yi bayan ɗan horo. Amma da Tarayyar Afirka ta nemi waɗanda za su je Laberiya da Saliyo, tawagar kusan mutum 200 da ta tashi daga nan a watan Disamba na shekarar ƙwararru ne: likitoci, nas-nas, masu gwajin jini, jami'an tsaftar muhalli da makamantansu. Ina cikin waɗanda suka je Saliyo.

A can na gane cewa cire kayan kariya ya fi sa su haɗari. Za ka fito daga ɗakin masu cutar bayan kamar awa guda, gumi ya taru a cikin takalmin roba, tabarau ya yi hazo ba ka gani sosai, jikinka yana so ka fizge komai ka sha iska, amma sai ka tsaya a kan layi, wani abokin aiki yana tsaye a gabanka yana kiran matakan ɗaya bayan ɗaya, ana fesa maka ruwan kulorin, kana wanke safar hannu tsakanin kowane mataki da na gaba, domin taɓa fuska sau ɗaya da hannun da bai tsarkaka ba ya isa. Ruwan kulorin ma iri biyu ne, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na kaya da ƙasa, da mai 0.05 na fatar hannu, kuma wanda ya rikita su ko dai ya ƙone fata ko ya bar ƙwayar cuta da rai. Da na dawo, hana yaɗuwar cuta a asibiti ya zama fannina, kuma da shi na yi aiki lokacin korona da lokacin kwalarar da ta ɓulla a Legas a 2024. To kin ga fita ta ba ni alkibla a cikin aikin, amma da aikin a hannuna na fita.

Haka sauran hanyoyin suke. Gwamnatin Tarayya tana da shirin TAC tun 1987, wanda ke tura ƙwararru aikin sa-kai na shekara 2 a ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da Fasifik, kuma akwai nas-nas a ciki, amma masu takarda da gogewa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana neman aƙalla shekara 2 ta aiki bayan kammala karatu kafin ta tura nas wata ƙasa, kuma da yawa daga 'yan Najeriya da ke mata aiki a waje a gida suka fara, a wurare irin su Jahun inda ake kula da haihuwa da yoyon fitsari, ko Zamfara inda aka yi fama da gubar dalma tun 2010. Shirin matasa 'yan sa-kai na Tarayyar Afirka shi ma sai wanda ya yi karatun gaba da sakandare.

Idan kuma a ƙarƙashin zuciyarki Ingila ce ko Saudiyya, gara ki san cewa ba a shiga aikin jinya a can ta ƙofar sa-kai. Bizar aikin jinƙai ta Ingila ba ta wuce wata 12, kuma ba ta ba da izinin aikin albashi. Nas mai son aiki a Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki a aikace, kuma sai Majalisarmu ta tabbatar musu da cewa shi nas ne. A Fabrairun 2024 da Majalisar ta fito da sharaɗin shekara 2 ta aiki kafin ta ba da wannan tabbaci, nas-nas sun yi zanga-zanga a Abuja da nan Legas, wanda ya nuna miki yadda komai ya rataya a kan takardar nan guda. Ra'ayina ni kaina shi ne nas mace mai jin Hausa da Yarabanci da Turanci ta fi tsada a nan da Arewa da Nijar fiye da a Manchesta, amma wannan zaɓinki ne idan lokacin ya zo.

'Yar Agege ta rubuta:

Na gode, iyayena da yayyena, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina amsoshinku bayan sallar isha'i, ya sa na maimaita masa ta Baban Agaji, sannan ya ce in tambayi masu tallar sunan asibitin da garin. Na tambaya, sai suka ce sai an biya rabin kuɗi ake faɗa. Maganar ta tsaya a nan.

Malam, ina da sauran tambaya. Wata ma'aikaciya a asibitinmu ta ce in nemi karatun jami'in lafiyar al'umma a kwalejin da ke Yaba, wai ya fi sauƙin samu, daga baya in koma nas. Wannan hanya ce mai ɓullewa, ko in tsaya in gyara Kemistiri? Kuma aikin da nake yi yanzu, akwai yadda zan yi ya zama yana da shaida?

Malamin Jinya ya rubuta:

Karatun jami'in lafiyar al'umma sana'a ce mai daraja, kuma su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin ƙasar nan, amma layi ne daban da hukumar rajistarsa daban. Wanda ya gama shi ba ya zama nas sai ya sake shiga makarantar jinya, kuma a can za a sake tambayarsa Kemistirin nan dai. Idan jinya kike so, ki gyara takardarki yanzu. WAEC tana shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara, kuma ana haɗa sakamakon biyun. Ki yi ƙoƙari ki ci duka darussan biyar a wannan zaman, domin wasu makarantun sun fi fifita mai zama ɗaya idan masu nema suka yi yawa.

Game da aikinki na yanzu, ki roƙi shugabar asibitin ta rubuta miki wasiƙa a takardar ofis, mai ɗauke da ranar da kika fara da ainihin abin da kike yi, wato tafinta da cika kati da awon nauyi, ba tare da an ƙara gishiri ba. Ki yi allurar rigakafin ciwon hanta, wadda ake yi sau uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko, tunda kina kusa da jini da allurai. Matan unguwa za su fara kiranki nas suna kawo miki allura gida ki yi musu. Ki ƙi, ki raka su asibiti.

Kafin JAMB ta buɗe rajista a farkon shekara, ki ɗauko katin NIN da sakamakonki na sakandare da takardar haihuwa ki jera su, ki duba ko sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a dukkansu. Yaranmu da yawa suna da suna mai "tu" a ƙarshe a wata takarda, babu shi a wata, ko sunan kaka a nan, sunan uba a can, kuma gyaran yana cin watanni, don haka ki fara shi tun yanzu tare da karatun Kemistirin.